Masu kiwon rago a zango, mu riƙa duba bakin dabba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da 'yan uwana masu kiwo a zangonnin Kumasi, musamman mu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango inda gidaje da yawa zaka tarar da rago ɗaure a bayan ɗaki ana jiran layya ko suna. Maganar akan yawun dabba ce. Mu dai abinda muke dubawa a jikin rago shine ƙiba da ƙaho, bakinsa kuwa sai ranar da aka ga dalala tana zuba sannan hankali ya tashi a ruga a nemo manja a ɗura masa. Na daɗe ina aiki tare da likitocin dabbobi kafin in zauna gida, kuma wallahi yana min ciwo yadda dabbobi ke mutuwa a hannunmu akan abinda bakinsu ya nuna tun da wuri.

Mutane da yawa sun ɗauka yawu ruwan da dabba ta sha ne yake tsattsafowa da kansa. Ba haka bane. Akwai wasu ƙullutai a gindin kunne da ƙarƙashin muƙamuƙi da ƙasan harshe, su ke haɗa yawu, kuma jijiyoyin saƙo da suka taso daga ƙwaƙwalwa su ke basu umarni. Tun 1851 wani Bajamushe Carl Ludwig ya nuna haka, ya taɓa jijiyar da ɗan lantarki sai yawu ya ɓalle, da ya auna ƙarfin da yawun ke turowa sai ya ga ya fi ƙarfin bugun jinin da ke shiga wurin, kaga kenan ba tacewa ake daga jini kawai ba, ƙullutun ne da kansa yake aikin turowa. A 1858 kuma Claude Bernard a Faransa ya gwada a jikin kare, ya ga idan aka motsa jijiyar nan, jinin da ke fitowa daga ƙullutun wanda a da baƙi-baƙi ne sai ya koma ja wur yana gudu da yawa, wato jijiyar tana buɗe hanyoyin jini a daidai lokacin da take cewa a zubo yawu. Dole kuwa, tunda ruwan yawun daga jini ake ɗibarsa.

Wanda yafi bani mamaki shine gwajin wani Bajamushe Heidenhain a 1872. Shi ya baiwa dabba wani magani mai suna atirofin, yawu ya ƙafe ƙaf, amma da ya motsa jijiyar jini bai fasa ƙaruwa ba. An fi shekara ɗari ana muhawara akan dalili, sai wajen 1980 masu bincike a Suwidin da suka yi aiki da kyanwa suka nuna jijiyar sinadari biyu take saki, ɗaya na yawu wanda atirofin ke toshewa, ɗaya mai suna VIP da ke taimakawa wurin buɗe hanyar jini. Irin sinadarin atirofin ɗin nan akwai shi a zaƙami, shiyasa yaran da ke shan zaƙami bakinsu ke bushewa kamas.

Toh ina ruwan mai rago da duk wannan? Ruwansa babba ne. Saniya babba tana iya haɗiye yawu lita 100 zuwa 150 a rana ɗaya, tunkiya kuma tana kaiwa lita 10, mu mutane da kyar muke wuce lita ɗaya da rabi. Kuma yawunsu cike yake da sinadari irin na kanwa, yana sauka cikin tumbi ya kashe tsamin da abinci ke yi in yana ruɓewa a ciki, kamar dai yadda kanwa ke kashe tsami a tukunya. Nasu baya tsayawa gaba ɗaya ko suna kwance, amma yawansa yana hannun jijiya, ita kuma jijiyar abinda ke tada ita shine tauna da kaushin ciyawa a baki da cikin tumbi. Ka zauna ka kalli rago yana tuƙa da yamma, zaka ga ƙullin abinci ya hau ta wuya, ya tauna a gefe ɗaya na ɗan lokaci, ya haɗiye, yayi shiru, wani ya sake hawowa, kuma ƙullutun gefen da yake taunawa shi yafi zubo yawu.

Yanzu dubi abinda muke yi in sallah ta matso. Kowa yana so ragonsa ya cika ido, sai a rage harawa da ciyawa saboda tsada a koma dusa da garin masara da ragowar shinkafa da kanzo, bokiti guda a tura masa. Wannan abincin baya buƙatar tauna, lashewa kawai yake yi, tuƙa ta ragu, yawu ya ragu, tsami kuma yayi yawa a tumbi tunda masara saurin tsami take yi. Kwana ɗaya biyu sai kaga rago ya tsaya ya sunkuyar da kai, ciki ya kumbura, zawo mai wari, yana cizon haƙora, wani ma ƙafa ta kama shi. Sai a ce baki ne ko ido ya kama shi. In za'a ƙara hatsi a ƙara kaɗan-kaɗan cikin makonni, a fara bashi harawa ko busasshiyar ciyawa tukuna, ruwa kuma kada ya yanke. Haka waɗanda aka sauke daga mota daga Bolga ko Burkina, tsoro da ƙishi sun busar musu da baki, domin akwai wata jijiyar ta daban da ke matse hanyoyin jini in dabba ta firgita, yawun ya zama ɗan kaɗan mai kauri. A basu ruwa da inuwa da ciyawa su huta kafin a kawo dusa.

Dalala kuma iri biyu ce. Akwai wadda yawun bai ƙaru ba, haɗiyewa ce ta gagara, ko ƙwallon mangwaro ko guntun rogo ya maƙale a maƙogwaro, ko baki yayi gyambo kamar a ciwon baki da kofato, ko kuma ciwon haukan kare wanda yake kama shanu da awaki ma ya shanye musu maƙogwaro. Nan nake roƙon mahauta da samarinmu, kada a zura hannu a bakin dabbar da ke dalala da sunan ciro abu, cutar haukan kare tana cikin yawun kuma in alamunta suka bayyana a jikin mutum sai dai addu'a. Manjan da ake ɗurawa dabbar da bata iya haɗiya kuwa huhu yake tafiya.

Ɗayar ita ce wadda jijiya ta rikice. Wasu magungunan feshin gona da na kaska suna hana jiki goge sinadarin da jijiya ta saki, sai umarnin zubo yawu yaƙi tsayawa. Na taɓa ganin tunkiya da aka yi wa wanka da maganin feshin gona ba'a ko auna ba, kumfa har ƙirji, hawaye, ƙwayar ido ta tsuke, fata tana rawa, numfashi yana gurnani. Allurar atirofin ce ta ceto ta, amma likita ne ya auna ya yi, ba abinda za'a saya a kemis a gwada bane, zaƙami kuma ko kusa.

Roƙona ga gidajen rediyonmu masu shirin Hausa da limaman zango, in layya ta rage wata biyu a gayyato likitan dabbobi, ko daga makarantar likitancin dabbobi ta jami'ar KNUST tunda gata nan kusa damu, yayi wa mutane wannan bayanin da Hausa, a kuma faɗi inda ofishinsu yake a kowace unguwa.

Nagode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai kiwo, Aboabo, Kumasi