Kafin A Biya Kuɗin Amfilifayar Falo, A Juya Bayanta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu don mu yi magana kan amfilifayar hom tiyata, wadda ake rubuta AV receiver a jikin kwalinta. Ba ƙananan nan da ke zuwa da sifikokinsu a kwali ɗaya muke nufi ba. Muna nufin babbar, wadda ake saye ita kaɗai a jona mata dikoda da talabijin da sifikoki biyar ko bakwai. Angwaye masu haɗa falo da magidanta masu son kallon ƙwallo suna nemanta, kuma yawancinsu a kan masu matsakaicin farashi suke tsayawa: Denon AVR-X1700H da X1800H da X2800H, Yamaha RX-V6A, Onkyo TX-NR6100, ko Sony STR-AN1000. Dukansu hanyar sifika bakwai gare su, dukansu suna karanta Dolby Atmos da DTS:X, wato tsarin sautin fim mai kewaye mai kallo har ta sama, kuma a ce wata ta yi wa wata fintinkau a daɗin sauti ƙari ne. A Katsina abin da ke raba wadda za ta shekara goma da wadda za ta kwana a shagon gyara yana rubuce a bayanta, ba a gaban kwali ba.

Mu fara kawar da maganar wat, tunda da ita ake cin kasuwa. X1700H tana ba da wat 80 a kowace hanya idan aka auna ta da sifika mai om 8 (om ma'aunin turjiyar sifika ga wuta ne), hanyoyi biyu suna aiki tare, a kan dukan zangon sauti daga 20Hz zuwa 20kHz. Ita ɗin dai ana tallata ta da wat 145 idan aka auna hanya ɗaya tak, da om 6, a kan sauti guda na 1kHz. Duka biyun gaskiya ne, amma na farkon ne ya yi kusa da abin da ke faruwa a falo, don haka shi za a gwada tsakanin wata da wata. A wannan awon X2800H tana da 95, RX-V6A da TX-NR6100 suna da 100. Tazarar 80 da 100 ba ta wuce 1dB ba (dB ma'aunin ƙarar sauti ne), kunne da ƙyar yake kama ta. Ko an ninka wat sau biyu, 3dB kawai ake ƙarawa, kuma sai an kai wajen ninki goma kafin mutum ya ce ƙarar ta ninka. Sifika mai lambar 90dB, wato ƙarar da take bayarwa da wat ɗaya, tana buƙatar rabin ƙarfin da mai 87dB take buƙata don ta kai ƙara ɗaya. Wanda ya ƙara kuɗi saboda wat 20 ya sayi doki ne don kwalliyar sirdi. Lambobin wat na PMPO da ake bugawa a kwali, masu dubu uku da dubu biyar, kuwa ba awo ba ne da za a ɓata baki a kansa.

Abin dubawa na farko shi ne rubutun da ke kusa da wayar wuta. Wutar Najeriya 230V ce, 50Hz. Na'urar da aka yi don kasuwar Amurka 120V take sha, 60Hz, ta Japan kuma 100V, kuma mafi yawan amfilifayoyin nan ba sa canza kansu kamar cajar waya, domin babbar taransifoma ce a cikinsu. Da yawa daga 'yan kwatano da ke tasowa daga Alaba zuwa Sabon Gari a Kano, daga nan su iso nan, na Amurka ne. Aka sa mata adafta aka danna a soket, in an yi sa'a fis ne zai ƙone, in ba a yi ba taransifoma ko ƙaramin allon wuta ya tafi. Ana iya aiki da ita ta hanyar taransifomar rage wuta, amma ta zama aƙalla ninki biyu na abin da aka rubuta a bayan na'urar, wato mai wat 1000 ga wadda ke shan 500. Ko da hakan, taransifomar da aka naɗa don 60Hz ta fi ɗaukar zafi idan aka ba ta wutar 50Hz, sannan ranar da wani yaro ya cire filogi ya mayar kai tsaye, shi ke nan. Ra'ayinmu, idan akwai ta Ingila ko Turai ko Dubai mai 220 zuwa 240V, a ɗauke ta ko da ta fi tsada ko ta gaza ɗayar da mataki guda.

Sai abin da zai tsaya tsakaninta da soket. X1700H an rubuta mata wat 430, X2800H kuma 500. A kallon yau da kullum ba ta shan ko rabin haka, amma sitabilaiza da lambar sama ake auna ta. A haɗa da wufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, da talabijin, a nemi mai 2000VA, domin ƙarfin sitabilaiza yana raguwa sosai idan wutar da ke shigowa ta faɗi ƙasa, kuma a lokacin ne ake buƙatarta. A kunna maɓallin jinkiri don kada wuta ta afka wa na'urar a daidai lokacin da aka dawo da ita. Mai inbata ya tabbatar tasa mai tsabtatacciyar wuta ce, irin da ake rubuta wa pure sine wave. Ɗaya irin, mai araha, tana sa taransifoma gunji da zafi, har gunjin ya fito ta sifika. Ƙaramin janareta marar na'urar daidaita wuta shi ma haɗari ne, musamman lokacin da mai ke ƙarewa yana shaƙewa. A kashe amfilifaya kafin a kashe shi.

Zafi ne ke cin su a hankali. Littafin Denon ya ce a yi aiki da na'urar tsakanin digiri 5 da 35, alhali a Afrilu da Mayu Katsina tana haura 40. Yamaha kuma na neman a bar sarari santimita 30 a sama, 20 a kowane gefe da baya. Yanzu a dubi teburin talabijin da kafintoci ke yi wa amare: rami ne mai ƙofar gilashi, bayansa a rufe da fulawud, an ɗora dikoda a kan ramukan iska, wani gidan ma har da ɗan kyallen ado a sama. Cikin awa ɗaya na'urar za ta kashe kanta, jar fitila tana ƙyaftawa. Wannan kariya ce, ba lalacewa ba, amma maimaita ta yana busar da kafasitoci yana sassauta dalmar da ke riƙe da allon HDMI. A sa kafinta ya cire bayan ramin gaba ɗaya, ko a ajiye ta a sarari. Ƙaramar fankar kwamfuta mai santimita 12 da aka kwantar a kanta tana zuƙo iska sama tana rage zafi ƙwarai. Denon da Yamaha suna da tsarin ECO wanda ke rage wutar da ke zuwa ɓangaren ƙarfi, kuma a falon da ba a cika ƙure ƙara ba babu abin da ake rasawa. Bayan hunturu a cire wuta a hure ƙurar da abin hura iska, don ƙura bargo ce a kan ƙarfen da ke fitar da zafi. In fitilar ta ƙyafta tun daga kunnawa, na'urar tana sanyi, to a fara duba wayoyin sifika: silin waya ɗaya da ya taɓa maƙwabcinsa ko jikin ƙarfe ya isa.

A ɓangaren hoto, shekarar ƙira ta fi suna muhimmanci. Tsohuwar babbar amfilifaya ta 2012, mai nauyi da kyan gani, tana iya fin sabuwa ƙarfi, amma wadda aka yi kafin wajen 2015 yawanci ba ta da HDCP 2.2, tsarin hana kwafar fim da ke cikin ƙofar HDMI, don haka ba za ta wuce da fim ɗin 4K ba. Ko allo ya yi baƙi, ko hoton ya sauko 1080. Mai talabijin 4K ya nemi HDCP 2.2 ko 2.3, da HDR10, da rubutun eARC a ƙofar da ke fita zuwa talabijin, wato hanyar da sauti ke dawowa daga talabijin zuwa amfilifaya. Wayar haske ta optical tana ɗaukar Dolby Digital 5.1, wato sifikoki biyar da wufa ɗaya, amma ba ta ɗaukar Atmos. ARC, wanda ya riga eARC fitowa, na ɗaukar Atmos ɗin da manhajojin kallo ke aikowa a matse, eARC kuwa har cikakken sauti na TrueHD. Masu PlayStation 5 da Xbox Series X su lura da 'yan 2020: rukunin farko na Denon X2700H da X3700H da Yamaha RX-V6A sun fito da matsalar 4K a 120Hz, musamman da Xbox. Denon ta raba ƙaramin akwatin gyara, Yamaha ta canza allon, amma wadda ta iso nan a hannu ba lallai an yi mata ba. X1700H da X2800H sun zo bayan an warware wannan. Haka Onkyo da dama na tsakanin 2009 da 2012 sun yi fama da ɗaukewar sauti daga allon HDMI, kuma wa'adin gyaran kyauta da kamfanin ya bayar ya daɗe da ƙarewa. Wanda ba ya wasan gem kada ya biya ko sisi don rubutun 8K.

Ƙofofin HDMI ba sa son a cire ko a jona suna da wuta, balle a gidajen da wayar ƙasa ba ta aiki. Da damina kuma tsawa tana biyo wayar dish ta shiga dikoda, ta zarce amfilifaya da talabijin. Idan hadari ya haɗo a cire wayar dish, ba filogi kaɗai ba.

Yawan hanyoyi ma a yi masa lissafi da falon da ake da shi. Falonmu kujeru a jikin bango suke, tsakiya fili. Tsarin 7.1 yana son sifikoki biyu a bayan mai kallo da tazarar mita ɗaya ko fiye, wanda babu shi idan kujera ta jingina da bango. A falo mai mita 4 da 5, tsarin 5.1 ya wadatar, hanyoyi biyun da suka rage a ba sifikokin sama a yi 5.1.2. Waɗanda ake ɗorawa a kan sifikar gaba su harba sauti sama suna buƙatar silin shafaffe, don haka POP mai hawa-hawa da ramukan fitila yana watsa sautin, gara a huda a sa na cikin silin. A kuma tambayi kai me za a kalla. Finafinan Kannywood da yawancin abin da ke YouTube hanya biyu ne, na'urar ce ke rarraba su. Atmos a Netflix sai da babban tsarin biya da data mai yawa. Gidan da abin kallonsa labarai ne da ƙwallo da finafinan Hausa, sifikar tsakiya mai kyau, wadda muryoyi ke fitowa daga gare ta, ta fi masa duk wani tambari.

Wani kuskure mai tsada shi ne jona sifikokin tsohuwar hom tiyatar kwali. Yawancinsu om 3 ne. Denon tana karɓar om 4 zuwa 16, Sony STR-AN1000 kuma 6 zuwa 16. Ƙasa da haka na'urar tana jan wuta fiye da kima, ta yi zafi, ta kashe kanta ko taransistocin fita su ƙone. Wufar irin waɗancan kuma ba ta da ƙarfin kanta, alhali ƙofar wufa a amfilifaya sigina ce kawai take fitarwa. Dole a sayi wufa mai filoginta. Shi ya sa muke ganin kada amfilifaya ta ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na kasafin. Wayar sifika ta zama ta jan ƙarfe zalla, 1.5mm zuwa nisan mita 10, 2.5mm idan ya wuce. A kankare silin da wuƙa: in cikinsa ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa launi.

Inda ake samun bambanci na gaske tsakanin kamfanonin shi ne tsarin daidaita sauti da ɗaki, kuma falon tayil da bangon siminti yana buƙatarsa sosai. Denon ɗin nan uku suna da Audyssey MultEQ XT mai auna wurare takwas, Yamaha YPAO, Onkyo 6100 AccuEQ, Sony kuma DCAC. Wanda zai iya hawa mataki ɗaya zai sami XT32 a X3800H ko Dirac Live a TX-NR7100, kuma a nan ne ƙarin kuɗi ke da ma'ana, domin sun fi iya lallashin gunjin wufa. Duka ba sa aiki sai da makirfon da ya zo da na'urar, kuma na wani kamfani ba ya maye gurbinsa. A tsayar da shi daidai tsayin kunnen mai zaune, yana kallon sama, a kashe fanka da janareta, a yi awon da dare. Bayan an gama a shiga a duba: sau da yawa na'urar tana sa sifikokin gaba a Large. A mayar da su Small, a sa mararraba, wato iyakar da sautin da ke ƙasa da ita zai tafi wufa, a 80Hz, ko 100 zuwa 120 ga ƙananan sifikoki, don wufa ta ɗauke nauyin. Wannan kaɗai yana rage wa amfilifaya zafi. Kafet a tsakar falo da labule mai kauri suna gyara amsa-kuwwar da na'ura ba za ta iya ba.

Mai sayen ta hannu kada ya yarda da gwajin minti biyar da Bluetooth. Ya je da wayar HDMI da sifika ɗaya, ya bi kowace ƙofa da hoto da sauti, ya kunna sautin gwaji ya jona sifikar a hanyoyi bakwai ɗaya bayan ɗaya, yana kashe na'urar kafin kowane canji. Ya bar ta tana aiki minti 30 zuwa 40, domin ciwon allon HDMI sai ya ɗumama yake bayyana. Ya leƙa ta ramukan iska da tocila ko akwai kafasita mai kumburin kai, ya duba kusoshi ko an taɓa buɗe ta, ya nemi rimot na asali da makirfo. In babu makirfo, a rage kuɗinsa a ciniki. Sannan a rubuta lambar jikin na'urar a rasit tare da kwanakin da mai shago ya amince a dawo da ita.

Wassalam.

Wasu masu gyaran kayan sauti,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.