Hamidu, ɗari ya fara leƙowa Tawa

Salamu alaikum abokina,

Ya Abijan, ya aiki, ya uwargida da yara? Mu nan lafiya lau alhamdulillahi. Na ga saƙonka ka ce ƙarshen Disamba za ka taho da iyali kana tambaya ya garin yake, to wallahi garin nan bai tsaya wuri guda ba tukuna.

Ruwa ya ɗauke tun Oktoba, hatsi ya shiga rumbu, yanzu Nuwamba na ƙarewa iskar hunturu ta fara kaɗawa amma ba kullum ba. Da asuba in ka fito masallaci sai ka ga dattawa sun ƙudundune cikin bargo har kai, ruwan buta ma sai ka daure kake alwala da shi, digiri 17 ko 18 ke nan, amma kafin azahar ya haura 34 ka cire rigar sanyi kana neman inuwa. Kwana biyu ɗari, sai ya ɓace zafi ya dawo har ka ce an fasa, sai kuma wata safiya ka tashi leɓe ya tsage. Yadda ƴan meteyo masu hasashen yanayi ke bayani, busasshiyar iska mai sanyi ce ke gangarowa daga wajen Aljeriya da Libiya ta ratso Sahara, ko ɗigon ruwa babu cikinta, in ta iso sanyi ya kama in ta lafa rana ta karɓi gari. Kuma tunda sama fes take ba girgije, zafin da ƙasa ta sha da rana duk ficewa yake da dare. Hazon nan kuwa yawancinsa daga kwarin Bodele da ke hamadar Cadi yake tasowa, ranar da ya sauka rana fari fat take fitowa, ka share ɗaki ka juya ƙura ta sake kwanciya.

Ni ba sanyin ke damuna ba, wannan hawa da saukan ne, shi ke kada yara. Mura, tari, haɓo, kowane gida ka shiga akwai mai jan majina. Naka kuwa can aka haife su cikin laimar bakin teku, fatarsu ba ta san kaushi ba balle faso, kuma lokacin da za ku zo ɗarin ya zauna sosai, Disamba da Janairu dare na sauka 15 har ƙasa. Ka saya musu rigunan sanyi da hula da safa, in ba ka samu ba bari, gwanjo ya cika kasuwa nan. Man kaɗanya Inna ta riga ta aje. Abin da ba na so ka yi wasa da shi rigakafin sanƙarau ne, ka duba karnen su, wato katin rigakafinsu, tun yanzu, ciwon nan rani da ƙura yake bi, ka tuna 2015 da har makarantu aka rufe a Yamai saboda shi.

Masu lambu dai murna suke, ƴan albasar Galmi da na Tabalak sanyin nan suke jira. Fada ma ta koma kewaye da gawayi, shayi har uku ba mai tashi, hira duk ta koma kan kokowar takobi wa zai kada wa bana.

Ka faɗa min ranar da za ku taso da motar da za ku shiga in tarbe ku tasha. Kuma kar ka zo min hannu rabbana, aceke nake so, abincin nan naku na rogo. Ka gaida uwargida, Inna na gaishe ku.

Naka,
Sani