Rahoton Ayyukan Shekara Daga Sakataren Ƙungiya, Jos

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti da sauran 'yan uwa, ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta nasa.

Daren kiɗan jaz mun ɗora shi a kan 30 ga Afrilu, ranar da UNESCO ta ware wa wannan kiɗa tun 2011. Shi ya fi cin kuɗi, shi kuma ya fi ba mu wuya. Kowa ya san ƙarshen Afrilu ruwa ya sauka a Jos, amma muka shirya taro a fili, laifin kuwa namu ne mu 'yan kwamiti. Da la'asar hadari ya haɗo, muka kwashi kujeru a guje zuwa zaure. Aka ɗauke wuta, janaretan haya ya ƙi tashi sai bayan isha'i, kujeru da yawa ba kowa a kansu. Waɗanda suka fid da mu kunya su ne mai kuntigi da mai kalangu da muka gayyato don share fage. Su ba ruwansu da lantarki. Suna cikin yi mai busa saksofon ya matso, ya kasa kunne, ya shiga amsa musu. Dama jaz, tun tasowarsa a hannun baƙaƙen fatar New Orleans ta Amurka a farkon ƙarni na 20, kiɗa ne na ba ni in ba ka. Dattawan da ke gaba sai zancen marigayi Ɗan Maraya Jos suke, wanda ya rasu a 2015. Shawarata, baɗi a kama zaure tun farko, kuma a daina ajiye makaɗanmu a matsayin 'yan share fage.

Baje kolin tarihin abinci, wanda ɓangaren mata ya shirya da kaka, bai ci wani kuɗi ba, ga jama'a har waje. Tabarmi biyu suka shimfiɗa. Ɗaya ta 'yan gida: gero, dawa, acha, wake da daddawa. Ɗaya ta baƙi: masara, rogo, gyaɗa, tumatir, barkono da dankalin turawa, waɗanda duk daga nahiyar Amurka jiragen ruwan Turawa suka yaɗa su bayan 1492. Nan gardama ta kaure. Wata Hajiya ta ce sam ba ta yarda barkono baƙo ne ba: "To kakanninmu da me suke yaji?" Shugabar mata ta ɗebo masoro da kimba ta zuba mata a tafin hannu. Hajiya ta sansana, ta ce a ƙara mata na tafiya gida. Manoman da suka zo daga Bokkos da Mangu ma sun yi mamakin jin cewa asalin dankalinsu tsaunukan Andes ne, ƙasar sanyi irin tamu.

An nuna yadda ake dafa kalwa, a surfe, a rufe ta kwanaki har ta zama daddawa. Yara suna toshe hanci, amma ba wanda ya matsa. An kuma nuna wankin acha, yadda ake rairaye yashi daga ƙwarya zuwa ƙwarya, aikin da yake sa 'yan matan yanzu gudunta. Tukunyar gwate ko azahar ba ta kai ba.

Mun kai ɗalibai Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, sun ga gumakan yumɓu na Nok. Lafiya aka je aka dawo.

Aikin da muka yi alkawari bara na ɗaukar muryoyin tsofaffi kan girke-girken da ke ɓacewa bai motsa ba. Tsofaffi biyu daga cikin waɗanda muka rubuta sunayensu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su. Wayar hannu ta isa wannan aiki, masu zuwa ne babu. Duk mai sha'awa ya ba ni sunansa kafin a tashi. Waɗanda kuɗin wata ke kansu kuma, ma'aji yana zaune bakin ƙofa da littafinsa.