Babana, batun injin kwashe ƙanƙarar nan

Assalamu alaikum Babana, ya sanyi, ya iyali, ya amaryata? Mamanka ta nuna min hotunan injinan da ka turo a WhatsApp wai in zaɓa maka, na yi dariya, ni da nake Kano hunturu kawai na sani sai wata uku da na yi wajenku a birnin Minneapolis na Amurka bara. Amma dai shekara talatin na yi ina aikin wayarin, don haka abin da ya shafi waya da wuta zan iya sa baki.

Da farko ka ajiye shebur ɗin nan. Na ganka da asuba kana haki kamar wanda ya yi dambe, ga ƙanƙara mai jiƙa nauyi gare ta kamar kwaɓaɓɓen siminti, kuma irin wannan aiki cikin sanyi yana wahalar da zuciya sosai, mutane na faɗuwa a kansa. Garinku kuma a shekara ana samun wajen inci 50, ga dokar gari da ta ce mai gida ya share hanyar ƙafa ta gaban gidansa cikin awa 24 bayan ta daina sauka, to kaga ba abin da za ka yi ta fama da hannu ba ne.

Ni mai wayar lantarki nake so ka saya, ba mai fetur ba. Daga garejinka zuwa titi mota biyu ce tsawonsa in na tuna daidai, kuma siminti ne, to me za ka yi da ƙaton inji irin na maƙwabcinka? Ka tuna janareton gidan nan, a ajiye shi wata biyu kafireto ta toshe, a yi ta jan igiya har kafaɗa ta yi tsami, to haka mai fetur yake, ga shi zai kwana wata bakwai a gareji ba aiki. Mai batir yana da daɗi amma kuɗinsa ya fi, kuma sanyi yana cin batir. Mai waya kuwa ka jona ka danna, shikenan, tunda wutarku ba irin tamu ba ce da sai an yi addu'a.

Ka ɗauki mai amp 15, wato ma'aunin yawan wutar da yake ja, faɗin bakinsa inci 18 zuwa 21 ya ishe ka. Na ga na kamfanonin Snow Joe da Toro da Greenworks cikin hotunan, ni sunan bai dame ni ba, abin da ya dame ni wayar da za ka ja masa ce, nan ne mutane suke tsumulmula su ƙona inji. Wutarku bolt 120 ce ba 230 irin tamu ba, saboda haka inji yana jan amp da yawa kafin ya samu ƙarfinsa, wannan wajen wat 1800 yake ci. In wayar siririya ce kuma doguwa, wutar sai ta rage a hanya, motar injin ta yi zafi tana gurnani. A lissafinsu na can ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri, to in tsawon ƙafa 100 kake buƙata ka sayi mai lamba 12, mai lamba 14 iyakarta ƙafa 50. Kada ka jona biyu uku kamar yadda ake yi a gidan biki. Ka tabbata ta waje ce wadda aka yi don sanyi, in ba haka ba za ta sandare kamar kara ta tsage, kuma ka ɗauki mai launin lemo ko ɗorawa don ka riƙa ganinta cikin farin ƙanƙara. Soket ɗin kuma ya zama irin mai katse wuta da kansa in ruwa ya taɓa, GFCI, na ga akwai shi a bangon garejinka.

Wajen aiki ka fara daga bakin gida kana yin gaba, wayar tana bayanka a kafaɗa. In ana zuba mai yawa kada ka jira ta wuce inci 8, ka fita sau biyu. Tudun ƙanƙarar da motar share titi ta gari take turowa bakin titi kuwa, wannan sai ka ɗan sassara shi da shebur tukuna, injin ba zai cinye shi lokaci ɗaya ba. Kuma don Allah in ya toshe ka cire fulogi ka sa sanda, hannu bai shiga ciki, kada amaryata ta tsaya ta inda yake watsawa don yana iya haɗawa da tsakuwa.

In ka je kantin ka ɗauko min hoton rubutun jikin wayar kafin ka biya. Mamanka ta ce yajin da daddawar suna hannun mai zuwa ƙarshen wata. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka