Zuwa ga mutumina na Fatakwal

Assalamu alaikum Alhaji. Ya aiki, ya ruwan sama naku da ba ya ɗaukewa? Mu nan Sakkwato zafi ne kawai, ƙarfe 10 na safe mutum ya fara neman inuwa. Wata huɗu shiru kai, ko flashin babu, to ni na gaji da jira.

Abin da ya taso ni, ka tuna firam namba, waɗanda ba su rabuwa sai da 1 da kansu, irin su 7 da 13, da kake kwafar nawa a jarabawa? To wata guda ke nan lamba ɗaya ta hana ni sukuni. A ninka 2 da kanta har sau 136,279,841 sannan a cire 1. Ita ce firam mafi girma da aka gano, a Oktoban 2024, wani Luke Durant a Amurka, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia, ya same ta da taron kwamfutoci ƙarƙashin shirin GIMPS na neman irin waɗannan manyan firam da ake yi tun 1996. Alƙalumanta 41,024,320 ne! Na zauna na lissafa, in kana rubuta ɗaya kowane sakan ba barci ba cin tuwo sai ka haura kwana 470 ba ka gama ba.

Irinta ana ce musu firam na Mersenne, sunan wani malamin coci na Faransa a ƙarni na 17, kuma wagga ita ce ta 52 da aka sani. Na kai ma yara 'yan aji biyar maganar, na nuna musu 3, 7, 31, 127, duk ninkin 2 ne a cire 1, kuma dole adadin ninkin shi ma ya zama firam. Sai wata yarinya daga Mabera, mai shiru-shiru ce ƙwarai, ta ɗaga hannu ta ce Malam 11 fa firam ce amma da na ninka 2 sau 11 na cire 1 ta ba ni 2047, kuma 23 sau 89 ke nan. Wallahi sai da na ji tsikar jikina ta tashi, ba wanda ya gaya mata, da biro da bayan littafi ta gano cewa sharaɗin bai wadatar ba. Shi ya sa kowace sai an gwada ta, da wani gwajin lissafi da ake ce ma Lucas-Lehmer ake tabbatarwa.

Af, auta ya yi aure bayan Sallah, an yi ɗaurin aure a Runjin Sambo, Inna ta tambaye ka har sau biyu, na ce kifin Fatakwal ya riƙe ka. Mai furar nan tamu ma ya tashi daga bakin kasuwa.

Abin da ya fi burge ni ma, kowace firam ta Mersenne tana haifar da cikakkiyar lamba, wadda in ka tara masu raba ta, ban da ita kanta, sai su ba ka ita. Misali 7, wato 8 a cire 1, in ka ninka ta da 4, rabin 8 ɗin, ya ba da 28, kuma 1, 2, 4, 7, 14 in ka haɗa 28 ne cif. Tun zamanin Yuklid, masanin lissafin Girka na da, aka san wannan, kuma shi ya tabbatar firam ba su ƙarewa, amma ko na Mersenne suna ƙarewa, har yau ba wanda ya iya tabbatarwa.

Damuwata yarinyar nan ce, ina son ta kai jami'ar Ɗanfodiyo ta karanta lissafi, gidansu ba hali. In kana da tsohuwar laftof da ba ka amfani da ita ka aiko ta hannun direban nan. Ka gaida Madam da su Abba.

Naka har kullum.