Zancen motar da ka dame ni da tambaya

Salamu alaikum mutumina,

Ya Fatakwal, ya ruwanku da ba ya ɗaukewa, ya uwargida da yara? Na san kana can kana faɗa wa mutane na yi kuɗi na daina ɗaga waya, to wallahi ba haka bane, kakar riɗi ce ta riƙe ni, daga Gujungu ran Lahadi sai Maigatari ran Alhamis sai Dawanau in kaya sun taru, in na dawo gida ko tuwo ba na iya gamawa barci ke kwashe ni, kuma sabis ɗin garinmu ai ka san shi, har yanzu sai mutum ya hau tudun bayan firamare. Saƙon muryarka guda uku duk na saurara jiya da daddare, har da na ƙarshen da kake rera waƙa, ban san wanda ya ce maka kana da murya ba amma ko waye bai kyauta maka ba.

Eh, abin da Dogo ya faɗa maka gaskiya ne, na sayi motar. Lexus ES 350 ce ƙirar 2010, ruwan toka, tokumbo, wata biyar kenan tana hannuna. Ka tambaye ni ko ka nemi irinta ka ajiye a gida saboda in ka dawo, da kuma maganar filin nan na bakin kasuwa, bari in fara da motar tunda ita ce ta hana ka barci.

Kafin komai ina so ka san dalilin da yasa na saye ta, don na ji ana ta magana a majalisa wai riɗi ya yi kuɗi yaro ya fara fankama. Saboda Inna na saya. Ka san ciwon bayanta, duk wata sai mun je asibitin Malam Aminu Kano ganin likita, kuma shekara biyu muna wannan tafiyar a motar haya, Golf ko Sharon, ko na biya mata kuɗin kujera biyu a gaba sai ka ga tana cije baki duk ramin da aka faɗa, in mun dawo kwana biyu take yi a kwance ko alwala sai an kama ta. Ranar da na fara ɗaukarta a wannan motar na kwantar mata da kujerar gaba kaɗan, na kunna esi ƙasa-ƙasa, mun wuce Ringim da kaɗan ina mata hira na ji shiru, ina waigawa na ga barci take, carbinta a hannu. Ba ta farka ba sai da muka shiga Gezawa. Wallahi mutumina sai da na ji ƙwalla ta taho min, na rage gudu don kar komai ya tashe ta. Da muka dawo da yamma ita da kanta ta fito ta taka zuwa ɗakinta, har ta tsaya tana yi wa jikoki faɗa a kan sun bar awaki sun shiga rumbu. Duk abin da zan faɗa maka a ƙasa ka ajiye wannan a ranka, don a wurina kuɗin motar ya fita tun ranar.

A kan kwalta ban taɓa tuƙa abu mai daɗinta ba. In ka rufe ƙofa kamar an toshe maka kunne, ƙarar babura da ta manyan motoci duk sai ka ji su can nesa, injin kuwa in tana tsaye sai ka duba allon gabanka kafin ka yarda a kunne yake. Silinda shida ne, lita 3.5, giya shida mai canza kanta, kuma ba ka jin lokacin da take canzawa. Inda na fi jin amfanin ƙarfin shi ne wajen wuce tirela a hanyar Haɗeja, ka san yadda muke yi a Golf, a leƙa a koma a leƙa a koma ana salati, wannan kana taɓa totur ta wuce, ka koma hannunka tun mai zuwa yana nesa. Amma nan ɗin ne kuma haɗarinta, saboda shirun da take yi ba ka sanin kana gudu, sai ka kalli maleji ka ga ka haura 120 kai kana ganin kamar 80 kake, ga shanun Fulani na tsallaka titi ba sallama, ga yara 'yan talla a kowane ƙauye. Yanzu na sa wa kaina doka ba na wuce 100 ko hanya ta Allah ce fetal. Kai da na san ƙafarka da nauyi tun zamanin babur ɗin Kawu da ka shigar cikin gonar rogo, wannan gargaɗin naka ne.

Matsalar tana farawa ne daga kwanar da ake sauka daga kwalta. Motar an yi ta ne don titunan Amurka, cikinta a ƙasa yake, tazarar da ke tsakaninta da ƙasa da kaɗan ta wuce tsawon wayar hannu, kuma tayoyin gaba ne kaɗai ke ja. Hanyarmu kuwa ka santa, burji na ɗan lokaci sai rairayi, ga amalanke da taraktoci sun haƙa layi biyu sun bar tudu a tsakiya. In ka bi layin cikin motar ya zauna a kan tudun, in ka hau gefe ƙaya ta karce fenti. Sati na biyu da sayenta ta kafe min a mashigin nan na wajen tsamiyar Baffa, da magariba, da buhun takin zamani biyu a but, tayoyi suna ta juyawa suna ƙara binne kansu. Samarin da ke dawowa daga ƙwallo ne suka taimaka, aka sauke takin, aka rage iskar taya, aka tone yashin da hannu aka shimfiɗa karan dawa sannan ta fita. Allah ya yi musu albarka ko sisi suka ƙi karɓa. Tun daga ranar na koyi hanyar kamar karatu, na san inda zan ɗora taya ɗaya a kan tudu, na san inda ba a tsayawa ko waye ya ɗaga hannu, kuma kaya masu nauyi na daina sa mata gaba ɗaya, a-kori-kura nake ɗauka kamar da. Dama but ɗin ba na buhuna bane, yana da faɗi amma kujerun baya ba sa kwantawa, wata 'yar ƙofa ce kawai a tsakiya da za ka zura abu dogo siriri.

Af, kafin in manta, an sa ranar Dogo, bayan babbar sallah da sati biyu, kuma ba wadda kake zato ba ce, ƙanwar matar Liman ce ta ƙauyen gabas. Waccan maganar ta watse tun azumi, labarin da tsawo sai mun haɗu, amma Gwaggo ce ta tsaya kai da fata. Ya riga ya ce da motata za a ɗauko amarya, na ce to sai dai a tsaya a bakin kwalta ta ƙaraso a amalanke, ya yi fushi kwana biyu ba ya amsa min sallama. Zan ɗauko ta mana, ai Dogo ne. Kuma ya ce in gaya maka in ka sake turo uzurin aiki kamar na sunan 'yarsa ta fari to ku haɗu a lahira.

To sai mai. Nan ne ya kamata ka zauna ka yi lissafi da biro. Tankinta lita 70 ne. A doguwar tafiya in na bi ta a hankali lita ɗaya tana kai ni kilomita 10 zuwa 11, amma in na shiga cunkoson Kano, daga 'Yankaba zuwa cikin gari da esi a kunne, ko ina jan ta a giyar ƙasa cikin rairayi, sai ka ga allura tana sauka kana kallo. Da a ce zamanin da lita ba ta kai naira 200 ba ne da ba abin magana bane, amma tun da Tinubu ya ce tallafi ya tafi ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya canza, ka tuna ƙarshen 2024 har ta haura naira 1,000. Yanzu cika tankin nan sau ɗaya kuɗin abincin gida ne na kwanaki. Shi yasa zirga-zirgar kusa, gona, masallacin Juma'a, gaisuwar mutuwa a maƙwabta, duk a Boxer ɗina nake yi. Kuma ba na yarda in sa mata man 'yan bumburutu na galan, don ba ka san abin da aka gauraya ba, ina cikawa a gidan mai a Ringim ko Kano kafin in shigo.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne mutane. Tunda motar ta shigo garin nan ta zama motar asibiti, kuma ban ƙi ba wallahi, mace tana naƙuda ƙarfe biyun dare za a buga maka ƙofa ka ce me? Sau huɗu na kai masu haihuwa, ɗaya a hanya ta sauka a kujerar baya, ita da jaririn lafiya lau, fatar kujerar ma gogewa kawai aka yi. Wannan ina jin daɗinsa har raina. Wanda ke damuna shi ne masu ganin tunda kana hawa Lexus to kuɗi na nan a jibge, mai neman rance, mai neman gudummawar biki, har lebura a gona sai ya ƙara maka farashi, a kasuwa ma in na je sayen riɗi sai na ajiye ta nesa na ƙarasa a ƙafa don in dillalai suka ga ka fito daga ciki mudu ya tashi kenan. Ba su san jarin zoɓo na taɓa na cika kuɗinta ba, kuma har yau ban gama mayar da shi ba. Wannan yana hana ni barci wani lokacin, gaskiya.

Gyara kuwa da sauƙi fiye da yadda ake tsoratar da mutane, saboda a ƙasan fatar Toyota ce, ƙashin bayanta ɗaya da Camry, injin ma irin na Camry mai silinda shida da Avalon ne, don haka kayanta suna nan a Ƙofar Ruwa sabo da na gwangwan. Da Marsandi na saya kamar yadda ka taɓa ba ni shawara da yanzu wani zancen ake. Sai dai bakaniken garinmu na ce ya tsaya iya duba iska da ruwan lagireto, duk abin da ya shafi wuta ko fitilar inji ta kama Kano nake kai ta wurin mai na'urar kwamfuta. Bakin mai tana shan wajen lita 6, mai kyau nake saya ba na awo ba. Injin sarƙa gare shi ba bel ba, wannan hutu ne. Fulogi shida ne, uku a gaba uku a baya, na bayan sai an kwance abubuwa a saman inji kafin a kai gare su, don haka sa masu kyau sau ɗaya ka huta. Da hunturu ƙura ta cika matatar iska ta inji da ta esi da ke bayan akwatin gaban fasinja, duk sati biyu nake cirewa in kakkaɓe. Na sa an yi mata rumfar kara a ƙofar gida, na kuma shimfiɗa darduma a kan dashbod saboda ranar bazara, ɓeraye ma sai da na kawo kyanwa don sun fara leƙa wayoyi. In za ka saya ka tabbatar takardun kwastan na gaske ne, ka sa a ɗaga ta a duba ƙasanta, don wasu motocin hatsari ne ko ambaliya ta cinye su a can aka gyara fuska aka turo mana. Makullinta ma ka karɓi guda biyu, irin na dannawa ne, in ya ɓata yankawa ba arha.

Shawarata dai, in a Kano ko Dutse za ka zauna in ka dawo, ko nan cikin Ringim inda kwalta ta kai ƙofar gida, saye ta ido rufe, za ka yi min addu'a. In kuwa gidanku na ƙauye za ka koma, da wannan kwarin da ke bayan gidan Mai Unguwa, to nemi mai tsayi, Highlander ko RX ko ma tsohuwar Hilux, ka haƙura da laushin kujera.

Ni yanzu damuwata damina ce. Ban taɓa yin damina da ita ba, kuma ka tuna 2022 yadda ruwa ya yi mana, Ringim da Auyo da Haɗeja duk a cikin ruwa, mashiginmu sai da kwalekwale. Ko ba a yi irin waccan ba, Agusta na shiga laka ke rufe hanyar, motar da yashi ya riƙe ina ga taɓo, kuma in ruwa ya shiga inji ko wayoyin ƙasan kujera an gama. Na yi magana da Alhajin gidan mai na bakin kwalta ya ce in ajiye ta a wurinsa wata uku, amma ka ga ke nan Inna sai ta hau babur ko amalanke kafin ta iso motar, wato abin da na gudar mata tun farko. Ina tunanin ko in kai ta Kano wurin Yaya ta zauna har ruwa ya ɗauke, sai dai ka san Inna da ɗakinta da awakinta, na fara zancen shekaranjiya ta ce ita ba kaya ba ce da za a kai ajiya. Ko za ka kira ta ka gwada? Tana jin maganarka fiye da tawa tun muna yara, har yau in an soya gyaɗa sai ta ce da ɗan gidan Malam yana nan.

Ka kira bayan isha'i ranar Juma'a, zan hau tudun da ita a waya. Ka gaida uwargida, ka ce mata zoɓon da kukar suna nan na ɗaure, direban da zai taho Fatakwal nake jira. Ka shafa min kan Auta.

Naka har kullum,
abokin tashinka