Wasiƙar ƙorafi ga wani kamfanin sufuri a Maraɗi kan sallamar tsofaffin direbobi

Ranka ya daɗe, shugaban kamfani,

Bayan gaisuwa, mu wakilan ma'aikatan sufuri muna ƙorafi kan abu biyu: sanarwarku ta ɗaukar direbobi da ta ce kada mai nema ya wuce shekara 35, da ƙin sabunta kwantiragin duk wanda ya haura 50.

Doka ta hana. Kundin dokar aiki na Nijar, mai lamba 2012-45 na 25 ga Satumba 2012, ya faɗa a aya ta 5 cewa mai kamfani ba zai dubi shekarun mutum ba wajen ɗauka, horo, ƙarin girma, albashi ko sallama. Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijar ta amince da ita a 1985, ta ce sai da ƙwaƙƙwaran dalili ake sallama: gazawar ma'aikaci, halinsa, ko larurar aikin kamfani. Furfura ba ta cikinsu.

Hujjarku ita ce tsoho ba ya gani da dare a hanyar Yamai. To, a gwada mana. Likitan ma'aikata ya auna ido, ji, hawan jini da suga na kowane direba, yaro da babba, da ma'auni ɗaya. Wanda ya ci ya riƙe sitiyarinsa. Wanda ya gaza a mai da shi gajeren zango na rana, kamar Madarunfa ko Ɗan Isa, ko gareji, ko koyar da sababbi. Gyangyaɗi a kan hanya, ai mun sani, rashin direba na biyu da rashin hutu ke kawo shi, kuma ɗan shekara 28 ma yana yi.

Babbar cutar tana wajen fansho. A asusun CNSS, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, sai mutum ya kai shekara 60 da zubin wata 180 yake samun fansho. Wanda aka sallama yana da 52 da zubin wata 150, saura wata 30 kacal, kuma babu mai ɗaukarsa tunda ƙofar 35 ce ko'ina. In bai cike ba, kuɗi dunƙule za a ba shi sau ɗaya, shi ke nan. Ko a Japan, inda tsofaffi suka yi yawa, tun 2021 doka ke neman kamfanoni su yi ƙoƙarin ba mutum aiki har shekara 70. Mu kuwa shekara 60 kawai muke nema a bari direba ya kai.

Muna buƙatar a janye sanarwar, a mai da waɗanda aka sallama, a ba kowa takardar zubinsa na CNSS. In ragin ma'aikata ne don matsin kuɗi, a zauna da wakilai da sufeton aiki a fayyace ma'aunin zaɓe. In kwana 15 suka wuce babu amsa a rubuce, za mu kai maganar ofishin sufeton aiki na Maraɗi don sulhu, in ya ƙi, sai kotun ƙwadago.

Mun gode, a huta lafiya.

Wakilan ma'aikatan sufuri, Maraɗi